Fitila ta dushe, hon ya yi shiru: da wane kayan aiki za ka nemo laifin wutar mota?

Duk wanda fitilar motarsa ta taɓa ɗaukewa a kan hanya da daddare, ko ya danna hon a gaban yaron da ya faɗo titi ya ji shiru, ya san ba ƙaramin abu ake magana a kai ba. Washegari sai tunani ya rabu. In sayi fitilar gwaji in duba da kaina? Ko mita, na'urar awon wuta, ta fi? Ko in tara kuɗi in sayi ɗan akwatin nan da ake soka wa mota ya karanto abin da ke damunta? Ko kawai in miƙa wa rewaya makulli? Na bi ta waɗannan hanyoyi duka. Wasu sun fitar da ni, wata kuma ta sa na sayi ƙwayayen fitila har biyu alhali lafiyar na farkon ƙalau. Shi ya sa nake son wanda ke tsaka mai wuya ya san abin da kowace hanya ke iya yi, da inda take gazawa, kafin ya zura hannu a aljihu.

Yadda wutar ke tafiya, da inda take maƙalewa

A kusan kowace mota, wutar fitila da ta hon hanya iri ɗaya suke bi. Wuta ta fita daga fositif na batir, ta ratsa fiyus, ta tsaya a bakin rile (ƙaramin makunnin da wuta ke ja ya rufe) ko makunni, in an ba ta hanya ta shiga ƙwan fitila ko hon, sannan ta koma negetif na batir ta cikin ƙarfen bodi. Wannan komawar ce aka fi mantawa da ita. Ba a ja wa kowace fitila doguwar waya har zuwa batir. Guntuwar waya ce ake ɗaurewa da noti a jikin bodi, kuma sau da yawa a daidai inda ruwa da laka ke zama.

Laifi kan zo ta hanya uku. Ko dai hanyar ta yanke: ƙwai ya ƙone, fiyus ya tsinke, waya ta katse. Ko kuma an samu shot, wato wayar fositif ta goge ta taɓa ƙarfe, duk fiyus ɗin da aka sa sai ya fashe. Waɗannan biyun kusan kowane kayan aiki zai kama su. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Laifin da ke wahalar da mutane shi ne hanya tana nan amma ta ƙuntata: tsatsa ta ci noti, bakin soket ya saki, ko silin waya ya tsittsinke a cikin roba saura biyu ko uku. Ƙwan fitilar gaba mai wat 55 yana jan kusan amp huɗu da rabi, hon ma 'yan amp yake ja. Waya mai sili uku za ta nuna maka volt 12 cif muddin ba a ɗora mata komai ba, kamar famfon da bututunsa ya toshe: in yana rufe ruwa ya cika shi, kana buɗewa sai ɗigo.

Ma'aunan da zan bi

Na farko, kuma shi ne ya fi nauyi a wurina: shin wannan hanya tana gwada waya a lokacin da take ɗauke da kaya, ko tana gwada ta a zaune? Na biyu, haɗari, ga motar da kuma mai aikin. Sai sauƙin koyo, sai kuɗi da ƙarko. Akwai kuma shekarun mota, domin tsohuwar da makunninta ke kunna rile kai tsaye ba ɗaya take da sabuwar da ƙaramar kwamfuta ke tsakanin yatsanka da fitila ba.

Musanye: gwada da abin da ke cikin motar

Wannan ba a sayensa, kuma da shi ya kamata kowa ya fara. Fitilar hagu ta ƙi, ta dama na ci? Ciro ƙwan dama ka sa a hagu. In laifin ya bi ƙwan, magana ta ƙare. A akwatin fiyus za ka tarar da rile da yawa masu kama ɗaya. In lambar da ke jikinsu ɗaya ce, ciro na wani abin da ka san yana aiki ka sa a gurbin na hon, ka danna.

Motar ma tana magana in an saurare ta. Sigina kan ƙifta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti. In gefe ɗaya ya koma ƙiftawa da sauri fiye da yadda ya saba, galibi ƙwai ɗaya ya mutu a wannan gefen. In fitilun gaba biyu suka ɗauke lokaci guda, da wuya a ce ƙwayaye ne, a nemi abin da suka yi tarayya a kai: fiyus, rile ko makunni. Ƙwan fitilar gaba mai lamba H4 yana da zare biyu, na dogon haske mai wat 60 da na gajere mai wat 55, don haka ɗaya na iya ƙonewa ɗayan na ci. In ka taka birki ka ga sigina ko fitilun dashbod suna ɗan haskawa, wayar da ke ɗaure da bodi ta fitilun baya ce ta lalace, wutar ta rasa hanyar komawa tana bi ta gidan maƙwabta. In ka danna hon ka ji rile na yin ƙas-ƙas amma babu ƙara, to maɓallin sitiyari da wayarsa lafiya, laifin na gaba.

Haɗarin musanye a wuri biyu yake. Na farko fiyus. Kalarsa ce ke faɗin ƙarfinsa: ja amp 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Ba fitila fiyus ke karewa ba, waya yake karewa daga yin zafi har robarta ta kama. Wanda ya cire ja ya sa kore don ya daina ƙonewa, ko ya naɗa masa silin waya, garin neman gira zai rasa ido. Na biyu, musanye kyauta ne kawai in da kayan cikin motar ake yinsa. Da zarar ka fara sayen sabon ƙwai, sabon rile, sabon hon bisa zato, ya zama hanya mafi tsada a duk jerin nan. A kuma kula, ba a riƙe gilashin ƙwan halojin da yatsa. Maiƙon hannu na sa wurin ya yi zafi fiye da kima, ƙwan ya mutu da wuri.

Fitilar gwaji

Ɗan abu ne kamar sukundireba mai tsini, da ƙaramin ƙwai a marikinsa, da waya mai bakin kada. Ka maƙala bakin kadan a negetif, ka taɓa tsinin a inda kake zargi. Ya haska, akwai wuta. Yana cikin mafi araha, ba ya buƙatar batir, yana faɗuwa ƙasa a ɗauka a ci gaba, in ƙwansa ya mutu a canza. A minti goma mutum zai koye shi.

Wajen duba fiyus babu kamarsa. A bayan kowane fiyus mai ƙafa biyu akwai 'yan ƙarafa biyu a buɗe. Kunna layin, ka taɓa kowanne: in duka sun haska fiyus lafiya, in ɗaya ne kawai ya tsinke. Sai ka zagaye akwatin gaba ɗaya ba ka ciro ko guda ba. A gurbin rile ma yana da amfani, domin lambobin ƙafafun rile kusan iri ɗaya ne a ko'ina, bisa tsarin Jamus: 30 wutar da ke zuwa daga batir, 87 wadda ke fita zuwa fitila ko hon, 85 da 86 kuma su ne naɗin da ke jan rilen ya rufe. Babu wuta a 30, koma baya wajen fiyus. In kana son gwada hanyar komawa, juya aikin: bakin kada a fositif, tsini a wayar negetif ta soket.

Inda take gazawa shi ne ƙanƙantar ƙwanta. Ƙwai mai wat biyu ko uku bai wuce ya ja rubu'in amp ba, wanda ke da LED kuma bai ma kai haka ba. Waya mai tsatsa za ta iya haska shi tar, ta kasa ɗaukar fitilar gaba. Maganin wannan abu ne da nake ganin ya kamata duk mai duba motarsa ya haɗa: tsohon ƙwan H4 da zare ɗaya ya mutu, ko ƙwan sigina mai wat 21, a haɗa masa wayoyi biyu. Wannan shi ne fitilar gwaji mai nauyi. In ta haska da ƙarfi a bakin soket, wayar na iya aikinta. In ta yi ja-ja, ka kama ɓarawon.

Wannan ƙwan dai shi ne abokin aiki wajen neman shot. Maimakon ka yi ta ƙona fiyus, soka wayoyinsa biyu a gurbin fiyus ɗin da ke fashewa. Muddin shot ɗin na nan, ƙwan zai haska sosai, kuma shi ne zai taƙaita wutar kada waya ta yi zafi. Sai ka bi layin kana motsa damin wayoyi, kana cire soket ɗaya bayan ɗaya. Inda hasken ya ragu ko ya mutu, nan laifin yake. Ni na fi fara duba inda waya ke lanƙwasawa kullum, kamar robar da ke tsakanin bodi da murfin but ko ƙofa, da duk inda wani ya taɓa ƙara wani abu daga baya.

Haɗarinta: kada a taɓa wayoyin kwamfutar mota da fitila mai ƙwai, tana iya jan abin da ya fi ƙarfinsu. Kada a kusanci soket masu launin rawaya na jakar iska (airbag). Kuma huda roba da tsini na barin ƙofar da ruwa zai shiga, bayan shekara guda wurin ya zama sabon laifi. Gara a taɓa ta bayan soket.

Mita

A nan zan daɗe, domin ita ce mutane suka fi saya, kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Mita tana ba ka lamba, ba haske kawai ba. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna kusan volt 12.6, in ya sauko 12.2 ya kai rabi. Inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7. Wannan kaɗai ya isa ya warware wasu matsaloli. Motar da ke cin ƙwayayen fitila kamar me, a auna ta inji na aiki: in altaneta na turo sama da 15, ita ce mai laifi, domin ƙarin kashi biyar cikin ɗari a kan wutar da aka ƙera ƙwai don ita yana rage rayuwarsa da kusan rabi. Haka kuma raguwar kashi goma cikin ɗari na cinye kusan kashi talatin na haskensa. Da mita za ka auna naɗin rile, wanda galibi ke tsakanin om 50 da 120 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta).

Amma mitar zamani ba ta jan wuta sam, kusan om miliyan goma ke cikinta. Don haka in ka cire soket ka auna, za ta gaya maka akwai volt 12 ko da sili ɗaya ne ya rage. Ƙarar da take yi don nuna waya ba ta yanke ba ma haka take: sili ɗaya ya ishe ta ta yi kuka.

Abin da ya same ni ke nan. Fitilata ta hagu ta koma ja kamar garwashi. Na cire soket na auna, 12.4. Na ce ƙwai ne, na sayo sabo, babu canji. Na zargi ingancinsa na sayo wani. Ranar da na kai wa wani dattijon rewaya, yana zaune a kan benci bai ma tashi ba, na ce, "Baba, wuta na zuwa, na auna da kaina." Ya ce, "Ɗana, mayar da soket ɗin, ka kunna fitilar, sannan ka auna." Ya sa na ɗora baƙar wayar mita a kan negetif na batir, jar kuma ta bayan soket a kan wayar negetif ta ƙwan, fitila na kunne. Inda ya kamata a ga kusan sifili, sai ga 2.3. Ya nuna mini wani noti a bayan fitilar, ƙarƙashin ƙura. Da na kwance shi, zoben wayar ya yi kore shar, bodin kuma tsatsa ta yi masa ɓawo. Na goge su da samfefa har ƙarfe ya fito fari, na ɗaure, na shafa ɗan giris a kai. Na mayar da tsohon ƙwan nan na farko, ya haska bangon da ke gabanmu fes.

Wannan awon, na wutar da ke zubewa a hanya, shi ne ainihin amfanin mita. Layi na kunne, kaya na ci, ka auna tsakanin farkon waya da ƙarshenta. Daga fositif na batir zuwa bakin ƙwai, bai kamata asarar ta wuce rabin volt ba. Ta ɓangaren negetif kuwa, 0.2 ma ya yi yawa-yawa. In lambar ta yi sama, sai ka riƙa matsowa da jar wayar baya, mahaɗa bayan mahaɗa, har inda lambar ta faɗi. Tsakanin nan da wurin da ka baro laifin yake. Hon mai dasasshiyar murya ma haka ake yi masa, wani na danne da maɓalli kai kana aunawa. Yawancin hon a gaban mota suke, suna shan ruwa da laka, wasu kuma ta notin da ya riƙe su suke samun negetif.

Ta fuskar kuɗi, mita mai araha ta isa wannan aiki, ba sai ta ƙwararru ba. Abin da ke fara mutuwa a cikin masu araha shi ne wayoyinta, su karye ta ciki, sai ka ga lamba na rawa. Kafin kowane aiki, gwada ta a kan batir tukuna. Koyonta na ɗaukar 'yan kwanaki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar jar waya a ramin awon amp, a je a taɓa fositif da negetif: shot ne kai tsaye ta cikin mitar, in an yi sa'a fiyus ɗinta ne kawai zai tafi. Ba a kuma awon om a layin da ke da wuta. In an kiyaye waɗannan, ita ce mafi aminci a kusa da wayoyin kwamfuta.

Alƙalamin ba da wuta

An fi saninsa da sunan Power Probe. Ana maƙala shi a batir, yana nuna volt, kuma da danna maɓalli ɗaya tsininsa na iya ba da fositif ko negetif. Don gwada hon babu mai saurinsa: cire soket, ba shi wuta kai tsaye, in ya yi ƙara hon lafiya. Ya fi mita tsada nesa, kuma yana da ƙarko a hannun mai sana'a. Sai dai abin da ya sa ya yi sauri shi ne ya sa ya yi haɗari. Tura volt 12 cikin wayar da ba ka san inda ta nufa ba na iya ƙona kwamfuta a cikin daƙiƙa. Ga mai mota ɗaya, waya mai tsawon hannu biyu da aka sa mata fiyus na amp 10 a tsakiya za ta yi masa gwajin hon iri ɗaya. Ban ga dalilin da zai sa ya saye shi ba.

Kwamfutar duba mota

Tun 1996 aka wajabta soket ɗin OBD-II mai baki 16, wanda ake soka wa na'urar duba mota, a kan motocin da ake sayarwa a Amurka. A Turai kuma 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. Amma samun soket ɗin ba ya nufin fitilunka na magana da shi. Ƙananan na'urorin nan masu araha irin su ELM327 galibi laifin inji kawai suke karantowa, lambobin da ke farawa da P. Laifin fitila da hon na ƙarƙashin kwamfutar bodi ne, lambobinsa na farawa da B, ko U in saƙo ne ya kasa wucewa tsakanin kwamfutoci. Wanda ya sayi ƙaramar don ya gano abin da ya kashe masa hon, zai ga ta ce babu laifi, hon kuma na nan shiru.

Babbar, mai shiga kwamfutar bodi, wani abu ne daban. A sabbin motoci maɓallin hon da makunnin fitila saƙo kawai suke aikawa, kwamfuta ce ke ba da wutar. Da babbar na'ura za ka ga ko saƙon na isa in ka danna, kuma za ka iya umartar hon ya yi ƙara daga allonta. In ya yi, laifin na ɓangaren sitiyari. In bai yi ba, yana gaba. Ka raba layin biyu ba ka kwance ko noti ba. Irin waɗannan motoci kuma suna ruɗar da mita da fitilar gwaji: wasu na yanke wutar layi da kansu in sun ga shot ko an cire ƙwai, wasu na ba da wutar a gutsure da sauri har mita ta nuna ƙasa da na batir alhali lafiya lau. Wanda ya sa ƙwan LED a gurbin mai zare ya ga gargaɗi a dashbod, shi ma aikin wannan kwamfuta ne, ta ga ana jan wuta kaɗan ta ɗauka ƙwai ya mutu.

Tana da tsada, wasu ma sai an riƙa biyan kuɗin sabuntawa, kuma tsufanta ba na lalacewa ba ne, sabbin motoci ne ke wuce ta. Lambar da take bayarwa layi take nunawa, ba ainihin wurin ba. Bayan ta gama magana, sai an dawo ga mita.

Rewaya

Akwai ayyukan da ba na shawartar kowa ya taɓa a gida. In hon na yi sai an juya sitiyari wani gefe, ko ya mutu tare da maɓallan kan sitiyari, fitilar jakar iska kuma ta kunnu, naɗaɗɗiyar wayar da ke bayan sitiyari ce ta tsinke. Kaiwa gare ta sai an cire jakar iska, bayan an cire batir an jira lokacin da kamfanin motar ya faɗa. Fitilar gaba ta zenon, mai farin haske, tana tashi da sama da volt dubu 20. Damin wayoyin da ya narke, ko ruwan da ya shiga kwamfutar bodi, su ma na masu sana'a ne.

Haɗarin a nan hannun da ka faɗa ne. Rewaya nagari yana tambaya yaushe abin ya fara, yana aunawa kafin ya yanka, yana neman taswirar wayoyin motar, in ya haɗa waya ya matse ta ko ya yi mata dalma ya rufe da roba mai kamewa. Wanda ya ce a bar tsohon layi a ja sabuwar waya daga batir, a huda dashbod a sa wa hon maɓalli daban, sau da yawa ba fiyus, ya rufe ciwo ne da ƙura. In ka ga haka ka karɓi makullinka.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Abin da ta fi kamawa |
|---|---|---|---|---|---|
| Musanye | Kyauta da kayan cikin mota | Ba kaya ba ne | Kowa zai iya | Sa fiyus da ya fi ƙarfi | Ƙwai, rile, fiyus |
| Fitilar gwaji | Kaɗan ƙwarai | Sosai | Minti goma | Wayoyin kwamfuta, jakar iska | Yankewa. Shot da tsatsa in mai nauyi ce |
| Mita | Kaɗan zuwa matsakaici | Wayoyinta ke fara gajiya | 'Yan kwanaki | Ramin amp | Tsatsa, batir, altaneta |
| Alƙalamin ba da wuta | Da ɗan nauyi | Sosai | Sai an san taswira | Babba | Gwada hon ko ƙwai kai tsaye |
| Babbar kwamfuta | Mai yawa | Zamani ke wuce ta | Sai an koya | Kaɗan | Saƙo da kwamfutar bodi |
| Rewaya | Gwargwadon aiki | Gwargwadon hannu | Ba wahala | Gyaran kewaye | Sitiyari, zenon, damin waya |

Wane ne ya dace da me

In kai direba ne da ba ka sha'awar kwance-kwance, burinka kawai kada dare ya ritsa da kai, ajiye fiyus na kowace kala, rile ɗaya, ƙwan gaba ɗaya da fitilar gwaji a aljihun mota. Su za su kai ka gida a mafi yawan lokuta.

In motarka tsohuwa ce mai rile da makunni kai tsaye, kuma kana son ka riƙa gyara da kanka, haɗa biyu: fitilar gwaji da mita mai araha, ka ƙara da ƙwan nan mai wat 21 da wayoyinsa. In dole sai ɗaya, ka duba ciwon da ke gabanka. Abu ya mutu ɗungurungum ko fiyus na fashewa, fitilar gwaji. Haske ya dushe, hon ya dashe, ƙwai na yawan ƙonewa, ko abin na yi yau gobe ya ƙi, mita, amma da sharaɗin za ka auna layi na kunne.

In motarka sabuwa ce mai gaya maka a dashbod wane ƙwai ya mutu, mita ce abokiyarka, fitila mai ƙwai ta tsaya a fiyus da bakin soket. Kada ka sayi babbar kwamfuta don laifi ɗaya. Biya a duba maka sau ɗaya, ka karɓi lambar a rubuce, ka ci gaba daga nan.

Mai koyon rewaya ya fara da mita da karatun taswirar wayoyi, ya bar alƙalamin ba da wuta sai hannunsa ya faɗa, kwamfuta kuma ta zo lokacin da motocin da ake kawo masa suka fara neman ta. Mai babbar mota ya duba ko tasa volt 24 take amfani da shi. In haka ne, ƙwan fitilar gwaji na 12 zai ƙone a taɓawar farko, rile da ƙwayaye ma sai na 24, lambobin batir da na caji kuma duk su ninka biyu.